Ƙwayar da Na Kasa Ƙi

Ciwona ba ya sallama. Ina cikin wanke-wanke ko ina kan keken ɗinki, sai in ji zafi ya taso daga wuya zuwa fuska, kai ya sara kamar ana daka a cikinsa, zuciya ta kama gudu, gumi ya jiƙa mini riga. In na ɗaura na'urar awon jini a hannu, sai ta nuna ɗari biyu da wani abu. Bayan rabin awa, wani lokaci awa guda, komai ya kwanta da kansa, awo ya dawo daidai, ni kuma in zama kamar tsumman da aka matse.

Ya fara ne 'yata Lailatu tana da wata biyar. Yanzu tana da goma sha ɗaya.

Likitan babban asibiti ya sa na tara fitsarin kwana guda cur a jarka, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Wani ƙari yake nema wanda kan fito a saman ƙoda ya riƙa tayar da jini haka. Bai same shi ba. Ya rubuta mini sunan ciwon a takarda, pseudopheochromocytoma, ya ce ma'anarsa ciwon yana kwaikwayon na masu ƙarin ne, amma ni ba ni da ƙari. Ya ba ni ƙwaya ɗaya ta kowace safiya. Ya tambaye ni ko akwai wani baƙin ciki da na haɗiye ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce masa, wace mace ce a unguwarmu ta Maamobi ba ta haɗiye ba? Bai yi dariya ba.

"In ya taso," in ji shi, "sauke goyo tukuna. Ki zauna, ki auna, ki ja numfashi a hankali, ki jira. In ƙirji ya riƙe, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ya mutu, to ki zo da gudu. Amma kada ki sha maganin hawan jinin kowa. Naki jinin yana sauka da kansa. In kika tura shi da ƙwaya mai ƙarfi, zai sauka ya zarce, ki faɗi."

Na riƙe wannan kamar karatun allo. Abin da ban yi ba shi ne faɗa wa kowa, ban da mijina Shamsudeen, wanda ke jan babbar mota daga Tema zuwa arewa, yakan yi mako biyu ba ya gida. Dalilina ɗaya ne. A danginsu, in an yaye jikan fari, kaka ce take ɗauka ta riƙe. Surukata Hajiya Memunatu tana zaune a unguwar Kanda, kuma tun ranar suna take kiran Lailatu ƙawarta. Ina da sauran wata takwas ko tara kafin yaye, kuma ina fatan kafin nan in lallaɓa a bar mini ita. Amma wata rana Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Rafi'atu, na ga kin rame. In jiki ba ya ɗauka, kawo mini ƙawata, ba sai an jira yaye ba." Tun daga ranar na san cewa in ta ji labarin ciwon nan, ɗakina ya zama kango.

Ranar Lahadin nan ana suna a unguwar Nima, a gidan ƙanwar Hajiya, Anti Mulikatu. An tare layi da rumfuna da kujerun roba, matan dangi duk mun sa yayi, atamfa iri ɗaya kore da ruwan ƙwai. Ni na ɗinka wa mutum shida a cikinsu. Na bar na'urar awo a gida, don in aka gan ta a jakata sai an tambaya. Ina can baya wajen murhu tare da masu girki, Lailatu a bayana tana barci, ina yanka albasa.

"Amaryar Shamsu, albasar nan ta miya ce ko ta ado?" in ji Anti Mulikatu. "Yanka kike ko ɗinki?"

"Anti, ai mai ɗinki ba ta yanka a karkace."

"Yoo, mun ji. Kafin ki gama, jaririn ya yi gemu."

Mata suka kwashe da dariya. Ina cikin dariyar ne na ji zafin ya taso.

Na ajiye wuƙa. Na kwance goyo, na shimfiɗa Lailatu a tabarma kusa da bango, na zauna a kan buhun gawayi. Na ja numfashi, na ƙirga huɗu, na sake. Kaina yana bugawa har cikin haƙora. Na yi fatan kowa ya ci gaba da tukunyarsa, amma wurin suna ba a ɓoye gumi irin wannan.

"Kai! Ku dubi yarinyar nan. Fuskarta ta yi ja wur."

"Hayaƙi ne, Anti. Yanzu zai wuce."

"Hayaƙi a gidan wa? Ni da hawan jini shekara goma sha biyu muna tare, na san fuskarsa." Ta taɓa jijiyar wuyana. "Innalillahi, kamar ganga. Yaya! Zo ki ga surukarki."

Hajiya Memunatu ta fito daga ɗaki, mayafi a kafaɗa. Ba ta da yawan magana. Ta tsaya a kaina tana kallo. Anti Mulikatu ta riga ta kwance bakin zanenta, ta fito da 'yar ƙwaya ja a cikin leda.

"Wannan ba ta wasa. In nawa ya tashi, guda ɗaya nake taunawa, minti goma sai in ji kamar an zuba mini ruwan sanyi."

"Anti, na gode, ina da nawa a gida."

"A gida! Mutum yana mutuwa a Nima, magani yana Maamobi."

Sai Hajiya ta karɓi ƙwayar daga hannun ƙanwarta, ta miƙo mini da hannunta na dama.

Da Anti ce kawai, da na yi ta zille-zille da wasa har ciwon ya wuce. Amma wannan hannun uwar mijina ne, a tsaye a iska, a gaban mata sun fi talatin. Ni da ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba. In na ce a'a, sai na faɗi dalili. In na faɗi dalili, sai na faɗi wata shida na asibiti da jarka da hoto. Na dubi Lailatu a kan tabarma. Na sa hannu biyu na karɓa.

Na yi niyyar maƙale ta a kumatu in tofar daga baya.

"Tauna," in ji Hajiya.

Na tauna. Ɗaci ya cika mini baki.

Ba a yi minti goma ba ciwon ya fara janyewa, kamar yadda ya saba, a lokacin da ya ga dama. Mata suka shiga yabon ƙwayar Anti Mulikatu, wata har tana tambayar sunanta. Ni kuwa maganar likita ce ke yawo a kaina. Ciwon ya tafi, amma ƙwayar yanzu ta fara aiki. Na yi lissafi: daga nan zuwa ɗakina tafiyar minti goma sha biyu ce in na bi ta lungu. In na isa, in kwanta, in ɗaga ƙafafu a kan matashi, Lailatu a gefena. Babu wanda zai ga komai.

"Bar yarinyar nan ki je ki huta," in ji Hajiya.

"Za ta nemi nono, Hajiya."

Na san in na bar ta a hannun nan yau, gobe ma a nan za ta kwana. Na goya ta, na ɗaure zane, na ƙara majanyi na ƙulle sau biyu. Na yi sallama ina murmushi.

Lungun farko lafiya. A na biyu, wajen masu wankin babur, na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Na ce a raina saura kaɗan. Na wuce bayan masallaci, na fito bakin babbar gota, inda aka gitta katako uku ake tsallakawa. Sau dubu na bi ta nan. Faɗinsu bai fi taku biyu ba, babu abin dafawa, ƙasa kuma baƙin ruwa ne da ledoji da gwangwanaye, zurfin ya fi tsayin namiji.

Ina tsakiya duniya ta dushe.

Ba duhu ba ne gaba ɗaya. Gefe-gefen idona ne suka rufe, kunnuwana suka toshe, ƙarar rediyon wani shago ta koma can nesa. Abu ɗaya kawai na iya tunawa: in na faɗi ta baya, a kanta zan faɗi. In na faɗi ta gefe, mu biyu ne a ruwa. Sai na durƙusa, na miƙe a kan cikina bisa katakon, na rungume shi da hannu ɗaya, ɗayan kuma na damƙe ƙullin majanyi a ƙirjina. Lailatu ta farka ta fasa kuka. Tana wutsil-wutsil, nauyinta yana jan mu hagu. Na so in ce mata ta tsaya, bakina ya ƙi.

Ban san tsawon lokacin ba. Na ji ana ihu daga tsallake, na ji katakon yana motsi a ƙarƙashina, wani yana tahowa da rarrafe. Sai hannu a bayana, da ƙamshin turaren da na sani.

"Saki, Rafi'atu."

Hajiya ce. Ashe tun fitowata take bina a baya, don tafiyata ba ta kwanta mata ba. Mace mai shekara sittin da biyar, da ciwon gwiwa, ta tuɓe takalmi ta hau katako da yayinta.

"Na riƙe ta. Saki ƙullin."

Yatsuna sun ƙi buɗewa.

"Ni ce. Wallahi na riƙe ta. Saki."

Na saki. Nauyin ya bar bayana, iska ta bugi inda gumi ya jiƙa. Daga nan ban ƙara sanin komai ba.

Na farfaɗo a wani ƙaramin asibiti a Maamobi, ana kiran la'asar, ledar ruwa tana ɗiga a hannuna. Nas ta ce da aka kawo ni jinina tamanin ne kan hamsin. Hajiya tana zaune a benci, Lailatu a cinyarta tana tsotsar carbinta. Gwiwar zanenta duk baƙin datti.

"Nas ta tambaye ni me kika sha," in ji ta. "Na faɗa mata. Ta wanke ni tas, yarinyar da na yi jika da ita." Sannan ta dube ni. "Kin san ƙwayar za ta kayar da ke?"

"Na sani, Hajiya."

"Kika karɓa."

"Hannunki ne."

"Hannuna ya fi ran yarinyar nan?"

Sai na faɗa mata komai, ina kallon silin: wata shida, likita, sunan da ba na iya furtawa, sau nawa yake zuwa a wata, abin da ake yi in ya zo. Ta saurara har ƙarshe.

"Ba za ta ƙara kwana a ɗakin nan daga ke sai ita ba," ta ce. "Yau zan tafi da ita Kanda."

Abin da nake gudu ke nan tun farko, ga shi ya zo, kuma ba ni da bakin cewa ta yi kuskure. Ni ma na ga abin da ya faru a katakon nan. Amma na yunƙura na tashi zaune, na dube ta cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Hajiya, gaskiyarki ne, bai kamata mu zauna mu biyu ba. Amma ba a yaye ta ba, kuma ciwon nan ba ya hana ni zama uwarta. Rabin awa yake ɗauka. Abin da nake bukata mutum ne da zai riƙe ta rabin awar nan, kuma kada ya ba ni komai. In za ki ɗauke ta, ki ɗauke mu tare."



"Ki zauna a gidan suruka? Ke da ko ruwa ba kya sha a gabana?"

"Zan koya."

"Kuma in abin ya taso, in zauna ina kallonki kawai?"

"Ki riƙe ta, ki duba agogo. In na ce asibiti, asibiti."

Lailatu ta miƙo hannu tana neman zuwa wurina. Hajiya ta ɗan riƙe ta, sannan ta taso da ƙyar, ta ɗora mini ita a gefen da babu allura, amma ba ta janye hannunta daga bayan yarinyar ba.

"Ɗakin baya yana da zafi," ta ce. "Kuma keken ɗinkinki ban san inda za mu sa shi ba. Bari in kira Shamsu ya nemo mai mota."