Jinyar Wuni Ɗaya a Kuakata

Tun da motarsu ta bar Barishal ake ruwa, har suka sauka a Kuakata bai tsagaita ba. Mokhles ne ya shirya tafiyar. Ya ce da damina otal-otal na bakin teku sun fi sauƙi, ga 'yarsa Tuktuki tana hutun babbar salla, ga kuma yayarsa Dilruba da ta ba hamsin baya ba ta taɓa ganin teku ba. Da Dilruba ta nemi a bar ta a gida, sai ya ce ai yanzu ba sauran wanda za ta ce ba ta iya bari. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta haɗa kaya.

Malamar firamare ce a Jashore kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifiyarsu. Ta ajiye aiki da niyyar ta yi jinyar shekara guda, shekara ta yi ta bin shekara. Mokhles ya tafi Dhaka, ya samu aiki a kamfanin ɗinki, ya yi aure, yana zuwa da salla. Masu neman aurenta suka gaji da jira suka kama gabansu. Ita ce juyawa, ita ce wanka, ita ce ba da abinci da cokali, har gab da azumin bana da Allah ya karɓi abarsa.

Ɗaki biyu suka kama, Mokhles da matarsa Shampa a ɗaya, ita da Tuktuki a ɗayan. Ta taga ta fara ganin tekun. Ruwa ne mai launin ƙasa, ya haɗe da sama ba a gane iyakarsu, yana ta dukan gaɓa ba hutawa. An kafa jar tuta, wani kuma yana yawo da lasifika yana gargaɗin kada kowa ya shiga. Sai hutu ya koma na cikin ɗaki. Aka kawo musu khichuri, dafa-dukan da ake ci ranar ruwa, da soyayyen kifi, suka baje ludo a kan gado. Su ukun suna da barkwancinsu na gida wanda kalma ɗaya ke tayarwa. Dilruba takan yi murmushi in ta ga sun yi dariya, amma kullum a makare.

Shampa ba ta rage ta da komai ba. Abu ɗaya ne, ba ta barin ta ta taɓa ko faranti. Da ta miƙa hannu sai ta ji, "Apa, zauna, hutu kika zo." Apa shi ne Yaya a harshensu. Dilruba ta zauna. Hannayenta suka rasa inda za su sa kansu. Ta ninke tawul ɗin otal, ta warware, ta sake ninkewa.

Kashegari bayan azahar mutanen ɗaya ɗakin suka kwanta. Ta ɗauki lema ta ce wa Tuktuki za ta ɗan taka. Yarinyar ta gyaɗa kai, kunnuwanta a toshe da abin jin waƙa.

Ta bi ta kan ganuwar da aka yi don tare teku. Rumfunan masu sayar da busasshen kifi da sarƙoƙin wuri duk an lulluɓe su da tamfol, karnuka sun fake a ƙarƙashin tebura. Ta wuce otal na ƙarshe, ta shiga unguwar masunta. A nan iska ta juye mata lema ta karya ƙarafunanta, dole ta gangara ta raɓe a bakin wani gidan kwano.

Wata matashiya ce tsaye a ƙofa, waya a kunne. Ta sauke, ta sake kira, ta sake saukewa. Ba ta tambayi baƙuwar daga ina take ba, sai kawai ta fara ba ta labari, irin na wanda magana ta cika wa ciki. Sunanta Moyna. Mijinta Sobhan yana aiki a jirgin kamun kifi. Tun da aka yi gargaɗi jirage suke ta komowa tashar Mahipur, nasu shiru, wayarsa kuma a kashe. Matan unguwa duk sun tafi tashar jin labari. Ita ba ta da halin tafiya saboda surukarta da ke kwance ba lafiya.

Daga cikin ɗaki aka yi wani nishi mai ja. Dilruba ta san nishin, ta kuma san warin da ke biye da shi.

"Je ki," in ji Dilruba. "Ni zan zauna da ita."

Moyna ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ga tabarau da takalmin birni. "Apa, ba aikin irinku ba ne. Ba ta riƙe komai."

"Ina kike ajiye tsummokaran?"

Moyna ta nuna mata igiyar da aka shanya su a bayan ƙofa. Sannan ta yafa leda a ka ta fita da gudu.

Tsohuwar tana kwance a kan gadon katako, ta ƙanƙance kamar yarinya, baki ya karkace. Dilruba ta ɗaure bakin sarinta, dogon zanen da ke jikinta, a ƙugu, ta hura murhu, ta ɗumama ruwa. Ta sa hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ta juya ta a hankali, ta zare jiƙaƙƙen tsumma, ta goge ta tas. A bayanta fata ta fara ja, alamar gyambon kwanciya. Ta shafa mata mai, ta tokare ta da matashi don wurin ya sha iska. Rufin yana yoyo daidai ƙafafun gado, ta ja gadon gefe ta tara tukunya.

Tsohuwa ta buɗe ido ta tambaya, da harshe mai nauyi, ko ita 'yar wa ce. Dilruba ta faɗi sunan mahaifinta. Tsohuwa ta ce ba ta san shi ba, kuma ruwan ya yi zafi, kuma ko wace ce ta koya mata aiki ba ta koya mata da kyau ba. Dilruba ta ji dariya ta kuɓuce mata, ita kaɗai a ɗakin mutane. Ta manta rabonta da a yi mata faɗa.

Ta sami sauran shinkafa a tukunya, ta dama ta da ruwa da ɗan gishiri har ta yi laushi. Ta ɗago kan tsohuwar ta jingina da ƙirjinta, tana ba ta kaɗan-kaɗan ta gefen bakin da ke da rai, tana jira ta haɗiye. Tsakanin loma da loma tsohuwa takan tambayi Sobhan, ita kuma ta ce yana hanya. Bayan an gama ta taje mata gashi da man kwakwa, ta kitse shi gida biyu. Tsohuwa ta yi barci riƙe da yatsanta. Dilruba ba ta zare ba. Ta zauna a bakin gado tana jin ruwa a kan kwano, ba ta tunanin komai.

Gab da magariba Moyna ta dawo da ayarin mata, kowa a jiƙe, kowa na magana. Injin jirgin ne ya mutu, suka fake a wani rafi cikin dajin bakin teku, wani jirgi kuma ya same su yana janyo su. Duk suna da rai. Moyna ta kama hannayen Dilruba ta ɗora a goshinta tana kuka, sai wata ta ja Moyna don ta sake ba da labarin daga farko. Ɗakin ya cika. Dilruba ta kwance bakin sarinta, ta ɗauki karyayyar lemarta ta fita.

Duk tsawon hanya tana shirya haƙurin da za ta bayar, don ta san Mokhles da tashin hankali. Ta tarar da su gaban talabijin suna cin gyaɗa. Shampa ta juyo ta ce, "Apa, kin tashi? Mun ce kada a tashe ki, kin sha gajiya." Tuktuki ta koma ɗakin iyayenta tun la'asar, ta manta da maganar fita. Da Shampa ta lura da jiƙaƙƙen sari, Dilruba ta ce teku ta je gani.

Wajen cin abinci Mokhles ya gyara murya ya kawo maganar da ta gane ita ce dalilin tafiyar. Zamanta ita kaɗai a Jashore ba ya yi masa daɗi. Ta dawo Dhaka, a sa 'yan haya a gidan, a ƙara gado a ɗakin Tuktuki. Shampa ta ce ba abin da za ta riƙa yi sai hutawa. Tuktuki ta sunkuyar da kai tana tsince ƙayar kifi. Dilruba ta ce za ta yi tunani.

Da safe ruwa ya koma yayyafi, aka sauke jar tuta. Su Mokhles suka nufi gaɓa ɗaukar hoto. Ita ta tsaya a kanti ta sayi man kwakwa da hoda da burodi mai laushi, ta koma unguwar masunta.

Sobhan ya dawo, siririn mutum mai jajayen idanu. Da jin ko wace ce, ya aika aka aro kujerar roba a maƙwabta, ya goge ta da hannun rigarsa. Aka kawo mata shayi a kofin baƙi da biskit a faranti. Ya yi ta godiya, ya ce har faɗa ya yi wa Moyna da ta bar babbar mace kamarta da wankin ƙazanta. Suna cikin haka tsohuwa ta yi nishi a ciki. Dilruba ta ajiye kofi ta miƙe.

"Haba Apa, wallahi ba za a yi haka sau biyu ba," in ji Sobhan. "Zauna, shayinki zai huce."

Moyna ce ta shiga. Ta ƙofa Dilruba ta hango kitson jiya yana nan bai warware ba. Ta ji tsohuwar tana tambaya wace ce a waje, Moyna ta ce baƙuwa ce daga otal. Ta shanye shayinta, ta ce a riƙa juya tsohuwa akai-akai saboda bayanta, ta yi sallama.

A hanyar komawa, da motarsu ta tsaya a Barishal, ta sauko da jakarta ta ce a nan za ta nemi motar Jashore. Mokhles ya yi magiya, ya yi fushi, har ya tambaye ta wa za ta tarar a can. Ta ce ba kowa. Ta ce a ba ta zuwa ƙarshen damina, in ta ga ba za ta iya ba, da bakinta za ta faɗa. Ya raka ta har mota, ya sayo mata ruwa da ayaba, ya tsaya a bakin taga har direba ya ja.

Ta isa gida da sauran haske. Ruwa ya kwanta a baranda, ɗakuna suna warin danshi, an ɗauke wuta. Ta buɗe tagogi, ta share ruwan, ta yi salla. Sannan ta shiga kicin ta daɗe tana neman ƙaramar tukunya ta girkin mutum ɗaya.