Gaisuwa a Hanyar Mazuba

Kwana shida Ni'imatu ta yi a gidan Goggo Atu, can bayan Kebbe, tana duban sama kamar mai jiran baƙo. Ba hutu ne ya taso ta daga Tambuwal ba. Magana ce, wadda bakinta ya yi ba da shawararta ba.

A makarantarsu ta kwana akwai wata Lauratu, 'yar Jos, wadda ba ta da hira sai ta duwatsun garinsu da ruwan da ke faɗowa daga kansu. Wata rana ana darasin labarin ƙasa ta juyo ta ce, "Ku mutanen Sakkwato ai ko tudun da akuya za ta hau ba ku da shi." Aji ya kwashe da dariya. Ni'imatu, wadda ko malama ce ta kira sunanta sai muryarta ta yi rawa, sai ta ji bakinta na cewa, "Muna da Mazuba. Ƙararsa ma sai an toshe kunne." Alhali ba ta taɓa ganinsa ba, a bakin goggonta ta ji. Lauratu ta ce to madalla, in an dawo hutu ta zo da zanensa, ta kuma rantse da idonta ta gani.

Shi kuwa Mazuba ba kullum yake zuba ba. Yana cikin gandun dajin nan da Gwamnatin Arewa ta kewaye da turakun siminti a shekarar samun 'yancin kai, a wani tsagin dutse mai tsawo. Sai an yi ruwa mai ƙarfi yake saukowa, ya yi ta ruri daga safe zuwa azahar, kafin la'asar ya ɗauke. Ga shi jibi za a mai da Ni'imatu Tambuwal ta hau motar makaranta.

Da asubar rana ta bakwai sama ta ɓalle. Gari na wayewa Goggo Atu ta ɗaura ɗamara ta ce, "Tashi, ɗiyata, Allah ya yi miki ruwa. Yau ki ga abin da kinka zo nema."

Ni'imatu ta naɗe littafin zane da fensir a ɗankwali, ta sa takalmin kambas na makaranta, suka kama hanya. Ba su yi nisa ba Goggo ta karkata wani gida mai dangar kara.

"Goggo, ina kuma?"

"Gaisuwar rasuwa."

"Ai kin ce wata biyu ke nan da rasuwar."

"To mamacin ya dawo ne?"

Suka shiga, aka shimfiɗa tabarma, aka yi ya haƙuri, aka yi ya muka ji da ruwa. Ni'imatu ta zauna a bakin tabarma tana kallon inuwar rumbu na ja da baya. Sun fito ke nan sai ga mata uku a gona suna cirar ciyawa, Goggo ta tsaya. Aka tambayi yara, aka tambayi ciwon ƙafar wata tsohuwa, ɗayarsu ta ce ta fadama kam yau ko jaki ba ya bi, sai dai ta gefen gonar Ladan. Ni'imatu ba ta saurara ba, rana take dubawa. Gaba kaɗan kuma ga barkar haihuwa. Aka miƙa mata jinjirin, ya yi mata fitsari a zane, matan gidan suka ce ta yi goshi.

Kafin su ga turakun siminti hantsi ya yi zafi. Dab da turakun akwai bukkoki huɗu da garken shanu, hayaƙi na tashi. Goggo ta gyara mayafi ta nufi can.

Nan Ni'imatu ta kasa daurewa. Ta riƙe hannun goggonta, hawaye na zubo mata. "Don Allah, Goggo, don Annabi. Wannan ɗaya ki bar ta. In mun dawo sai mu kwana muna gaisuwa."

"Ke, rugar tsohuwa Tambaya ce fa. Shekara ashirin ban wuce ƙofarta da baki rufe ba."

"Ruwan zai ɗauke. Gobe zan tafi. Za a ce ni maƙaryaciya ce gaban aji."

Goggo Atu ta dube ta, ta dubi bukkokin, ta ja tsaki. "Wagga ɗiya, za ki sa ni abin kunya." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, suka zagaya ta bayan garke suna sanɗa.

Cikin gandun duhu ne da sanyi. Hanya ta gangara tsakanin marke da ƙirya, ganye na ɗiga, laka na kama takalmi. Can sai Ni'imatu ta tsaya cak. Wani ruri ne take ji, mai nauyi, kamar ana zazzage buhunan gero ba iyaka, har cikin ƙirjinta.

"Shi ne?"

"Shi ne."

Ta ruga. Goggo na kira, ba ta waiga ba, sai da ta iso bakin ƙorama. Ƙoramar ta cika ta batse, ruwa ja wur yana tafe da rassa. Gungumen da ake takawa a ƙetare babu shi, sai ramin da ya bari a gaɓa. Mazuba na nan bayan kwanar dutsen, jifa biyu, feshinsa ma na tashi saman itatuwa kamar hayaƙi, amma dutse ya tare. Ta tattare zane ta sa ƙafa ɗaya, ruwa ya fizge ta, Goggo ta damƙo ta ta baya.

"In je Tambuwal in ce wa ubanki mi? Ruwa ya ci ta wurin zane?"

"Babu wata hanya?"

"Akwai ta shanu, ta bisa. Amma tun da anka kafa turakun nan, kowace damina sauya ta suke, don kada malamin daji ya gane sawu. Mai sanin ta bana mutum ɗaya ce a nan."

Ni'imatu ta juya ta kama hanyar rugar Tambaya.

Komawar ta fi zuwan tsawo, don hawa ce. Suka tarar da Tambaya zaune gindin bukka tana kaɗa nono, tsohuwa siririya mai manyan 'yan kunne. Ba ta ɗago ba sai da suka yi sallama sau biyu.

"A'a, Atu ce? Maraba, maraba. Ɗazu na ga wasu mata biyu sun bi ta bayan garke, ɗaya ta rufe fuska. Na ce da yara a ƙirga kaji."

Goggo ta durƙusa. Ni'imatu ma ta durƙusa.

Sai Tambaya ta fara gaisuwa. Ta tambayi mijin Atu. Ta tambayi 'ya'yan Atu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da wadda ke aure Sanyinna. Ta tambayi gero, ta tambayi tunkiyar da ta yi ɗingishi bara. Ta juyo kan Ni'imatu, ta tambayi ubanta, da uwarta, da mutanen Tambuwal, da malaman boko, ko suna lafiya, ko suna koya wa yara sallama. Kowace amsa sai ta ce madalla, ta ɗan kaɗa nono, kafin ta ɗauko wata. Daga nan ta dama fura a ƙwarya babba ta ajiye gabansu.

"Inna, mun ƙoshi," in ji Ni'imatu da ƙaramar murya.

"Mai sauri ai shi ka jin yunwa. Sha."

Ta sha. Tana sha tana jin rurin daga nesa, kuma ta rantse ya fara raguwa. Da ƙwarya ta koma wayam ta ce, "Inna, ki yafe mana. Ni na hana Goggo tsayawa."

"Na sani. Atu ba ta da wannan wayon." Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Da kun tsaya, da kalma uku ce: gungume ya tafi. Tun da safe matanmu sunka kasa ƙetarewa, sunka dawo da nono a ka. Da yanzu kin gani kin gaji da gani."

Goggo ta harari Ni'imatu. "Ke gaisuwa kike ji. Ni hanya nika tambaya. Wa ya ce mana mu bar fadama ɗazu, littafinki?"

Tambaya ta nuna musu da ludayi: su bi kashin shanu daga bayan tsamiya, in sun kai dutse mai farin tabo su yi dama, kada su faɗa wa malamin daji mai kaki.

Hanyar shanu ba ta san mutum na sauri ba. Ta yi nan, ta yi can, ta kewaye kowane dutse. Ƙaya ta tsaga wa Ni'imatu gefen zane, takalmin hagu ya buɗe baki. Goggo na haki tana salati. Abin da ya fi ci wa Ni'imatu rai shi ne, suna ƙara matsowa, rurin na ƙara yin ƙasa. Ya koma kamar ana tankaɗe. Ya koma kamar raɗa. Daga baya sai kukan tsuntsaye kawai.

Rana ta karkata suka fito kan wani falalen dutse. Ga Mazuba. Dutse ne baƙi, tsayinsa ya fi rimi, jiƙe sharkaf, faɗin inda ya jiƙe ya kai ɗaki uku. A ƙasa ciyawa ta kwanta gefe guda, kumfa na kewaya a kududdufi. Daga can sama kuwa wani ɗan ruwa ne ke tsiyaya, bai fi na bakin buta ba.

Ni'imatu ta zauna a kan dutse. Ta ma kasa kuka.

"To ga shi," in ji Goggo. Ta tara hannu a ƙarƙashin tsiyayar ta fara alwala. "Ya isa salla dai."

Ni'imatu ta kwance ɗankwali ta buɗe littafin. Ta zana dutsen, ta yi masa duhu inda ya jiƙe. Fensir ya tsaya a sama. Layi ashirin kawai za ta ja daga bisa zuwa ƙasa, ta yi kumfa, shi ke nan, Lauratu ba za ta taɓa sani ba. Amma akwai rantsuwa. Ta daɗe tana tauna gindin fensir. Sannan ta ja layi ɗaya, siriri, ta rubuta a ƙasa: "Na ji shi da kunnena." Tun daga nan tana jin dariyar da za a yi mata a aji.

Goggo ta sallame ta leƙo. "Wannan zaren ne munka sha wahala dominsa? Naɗe, mu tafi. Sai mun biya mun gaya wa Tambaya mun sauka lafiya, ga gida biyu da munka ce muna dawowa."