Sallahun Mutanen Maigatari

Ɗantsoho mai gyaran rediyo yana zaune a kan akwatinsa, yana danna shi da duk nauyinsa don ya rufu, sai ya ji kukan rago a zaure. Bai ko ɗaga kai ba. Tun da gari ya waye ake yi masa sallama, kuma babu wanda ya shigo hannu rabbana.

Takardar jikin batir ce ta jawo masa. Wani kamfanin batir na Legas ya sa gasa a rediyo, cewa a ɓare takardar a aika, wanda aka zaro sunansa za a kai shi zagayen duniya na kwana arba'in cikin ayarin attajirai da Turawa. Jirgin sama, manyan otal, da jagora mai nuna abubuwan al'ajabi, duk kyauta. To, duk mataccen batir na Maigatari a rumfar Ɗantsoho yake ƙarewa. Ya cika jaka guda ya aika, kuma shi aka zaro.

Shekara ashirin yana murɗa duniya da yatsu biyu. Ya san muryar Alƙahira, ya san ta Landan, ya san wata tasha da wata mata ke waƙa da yaren da har yau bai gano na ina ba ne. Amma ƙafarsa ba ta taɓa wuce Kano ba. Yana son tafiyar nan so mai tsanani, so yake ya ga wuraren da idonsa, har ba ya iya faɗa wa kowa don kada a ce babba da shi yana zumuɗi.

Sai dai a Maigatari ba a tafiya haka kawai. Ko Gumel za ka, sai wata ta ba ka ƙullin kuka ka kai wa 'yarta, wani ya ce ka biya ka gaida surukinsa. Wannan shi ne sallahu, kuma ba a ƙinsa. Wanda ya ƙi, ya nuna ya fi ƙarfin mutane ke nan, ranar da ya mutu za a yi masa salla, amma a gurguje. Mai zuwa Gumel ke nan fa. Ina ga wanda zai zagaye duniya gaba ɗaya?

Tsakar gidan ya cika. Matarsa Lauratu tana jera kayan jikin katanga tana haddace masu su: atamfa shida na wata da ke aure a Makka, huluna goma sha biyu na wani ɗalibi a Ingila, kilishi, daddawa, ƙwaryar man shanu, wasiƙu tuli, sirdin raƙumi, da dutsen niƙa na wata da aka ce tana kewar na gida a can Chadi. Ragon kuwa na Kawu Ubale ne, ƙanen mahaifiyar Ɗantsoho. Ya ce a kai wa ƙanensa da ya tafi hajji a ƙafa tun zamanin Turawa, ya yada zango a Sudan bai ƙarasa ba, bai kuma dawo ba.

Da hantsi wata farar Fijo ta ratso kasuwa, don ranar Alhamis ce, ta tsaya a ƙofar gida. Wani saurayi ya fito da baƙin tabarau da wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa. Shi ne Rufa'i, jagoran da kamfani ya turo ya ɗauki Ɗantsoho, ya kuma zama tafintansa har su dawo. Ya leƙa tsakar gida ya tambaya ko tashi ake yi daga gidan. Da aka gaya masa, ya cire tabarau.

"Malam Ɗantsoho, akwati ɗaya aka yarda, kilo ashirin. Jirgi zai tashi daga Kano ƙarfe biyar. In sha biyu ta yi mana a nan, kujerarka ta tafi, kuma ba a maimaitawa."

Don ya huce da jama'a, sai ya buɗe taswirar tafiyar a kan motar ya nuna musu jan layi. Daga Kano sai Misra, a ga dalar Fir'auna. Sai Indiya, inda wani sarki ya gina wa matarsa farin kabari da ya fi fada kyau. Sai Japan mai dutsen da ƙanƙara ba ta barin kansa, sai Amurka inda kogi guda ke faɗowa daga sama, sai Landan, sai gida. Ya ce kowa ya gani da idonsa, babu Makka a layin, babu Sudan, babu Chadi.

Kuskuren da ya yi ke nan. Kawu Ubale ya matso ya ce a nuna masa Sudan, aka nuna. Ya ɗora yatsunsa tsakaninta da jan layin, ya ɗago ya nuna wa jama'a.

"Yatsa biyu. Mutumin da zai zagaye duniya, yatsa biyu ne zai gagare shi?"

Nan da nan aka rufe taswirar da hannuwa. Makka yatsa ɗaya ce da rabi. Chadi ma ba ta kai a auna ba, don jirgin ta kanta zai bi, sai dai a roƙi direba ya ɗan rage gudu. Wanda nasa ya fi nisa duk a taron yatsa huɗu ne, shi ma ya ce bai ga abin wahala ba. Rufa'i ya ninke taswirarsa ya mayar aljihu.

Ya ja Ɗantsoho gefe ya ba shi shawarar mutanen birni: a karɓi komai, a yi hayar a-kori-kura, a zube kayan a wani shago a Gumel, in ya dawo ya ce ya kai. Ɗantsoho ya girgiza kai. Ya ce in ya dawo kowa sai ya tambaye shi yadda ya sami ɗan'uwansa, da abin da ya ce, da ko ya yi ƙiba. Shi bai iya ƙirƙiro mutum sittin ba, kuma amana ce. Dabararsa ita ce duk garin da suka sauka ya nemi kasuwa, tunda babu kasuwar da ba Bahaushe, ya danƙa wa Bahaushen da ya samu sallahun da ke kusa da garin ya ƙarasa da shi. Amma sai kayan sun shiga jirgi tukuna.

Sha ɗaya ta gota. Ɗantsoho ya yi ta maza ya hau dakali da niyyar ya ce a yi haƙuri kowa ya ɗauki kayansa. Ya buɗe baki, ya ga fuskoki: wannan shi ya haƙa kabarin mahaifinsa, waccan ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa uku. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, Allah ya sa a kai lafiya. Aka ce amin. Ya sauko, ya tabbata duniya ta kuɓuce masa, saura kaɗan ya yi hawaye a gaban mutane.

A nan ne Kande ta yi magana. Kande 'yar kasuwa ce da kowa ya san sana'arta ba wanda yake faɗa. Duk mako takan tsallaka iyaka zuwa Nijar siririya, ta dawo da yamma ƙatuwa, kuma 'yan duwan na can da 'yan kwastan na nan sun daɗe da yarda cewa abincin ƙetare yana karɓarta. Ta dubi Rufa'i sama da ƙasa.

"Yaro, a filin jirgin nan naku, akwatin ake aunawa ko mutumin?"

"Akwatin."

"To, an gama. Ku shigo min da shi ɗaki."

Aka tuɓe Ɗantsoho sai ɗan kamfai, Lauratu da maza biyu suna naɗi, Kande tana bakin ƙofa ta ba da baya tana ba da umarni. Aka fara da kilishi, aka shimfiɗa shi a gadon baya da ƙirji don ba ya tudu. Aka bi da atamfa shida, kowace aka ja ta tam. Wasiƙu suka tafi ƙwauri, aka ɗaure da tsumma. Hulunan nan aka cusa wata cikin wata aka kifa masa, aka naɗe da rawani. Daddawa ta shiga aljifan riguna huɗu na sallahu da aka zura masa, sannan aka rufe da babbar rigarsa ta salla. Ya fito hannuwansa a buɗe ba sa sauka, kamar rumbu ya yi ƙafa.

Sauran kayan Kande ce ta yanke musu hukunci, kuma abin mamaki ba wanda ya ji haushi, don kowa ya san ƙin nata na sanin aiki ne, ba na girman kai ba. Man shanu ta ce a'a, ta taɓa gwadawa da bazara, a gaban ɗan duwan man ya narke ya tona mata asiri ta ƙafar zane. Sirdi da dutsen niƙa ko kallo ba su samu ba. Ragon ne ta daɗe tana zagayawa. Ta ce da ƙuruciya ta taɓa tsallakar da ɗan akuya a matsayin cikin wata bakwai, amma wannan yana da ƙaho.

Kawu Ubale ya haƙura bisa sharaɗi. Ya kamo hannun Ɗantsoho ya ɗora a gadon bayan ragon, ya sa ya latsa, ya shafa wuya, ya ɗaga jela. Ya ce ya riƙe yadda ya ji, in ya ga ƙanen nasa ya kwatanta masa dalla-dalla, ya gaya masa ragonsa yana nan yana jiransa.

Zama a mota ya gagara, don cikin ba ya lanƙwasuwa. Sai aka zura shi a kujerar baya a kishingiɗe, mutum uku suna turawa, Rufa'i yana ja ta ɗaya ƙofar. Gumi yana tsiyaya, warin daddawa ya cika motar, amma Ɗantsoho murna ta cika shi fal. Lauratu ta leƙo ta taga. Ita ba ta ba shi sallahun komai ba, ta ce dai ya dawo mata da ramarsa yadda ta san shi. Sha biyu saura minti biyar.

Direba ya tada mota, sai aka ga wata tsohuwa ta dafa ƙofa. Adda Safara'u ce, mai sayar da gyaɗa a bakin tasha, wadda tun safe take tsaye a bayan taron. Rufa'i ya yi saurin duban hannuwanta, ya ga babu komai, ya yi ajiyar zuciya.

Kowa a garin ya san labarinta. Ɗanta ɗaya, Lado, ya tafi ci-rani shekara goma sha tara da suka wuce. Ba wasiƙa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi a raye ko a mace.

"Ɗantsoho, ni ba ni da kaya, ba ni da sunan gari," in ji ta. "Kai ka san shi yana ƙarami, amma yanzu ya zama magidanci. Dogo ne. Yana da tabo a girar hagu, inda jaki ya harbe shi. In ana yi masa magana yakan ɗan karkata kai. Tunda duk duniyar za ka zagaye, ba yadda za a yi ka wuce shi. Ka dinga duba min fuskokin mutane kawai."

"In na gan shi me zan ce, Adda?"

"Ka ce ba a fushi. Ka ce bana ma na sake yaɓe ɗakinsa."

Rufa'i ya dubi agogo ya ce wannan ai mai sauƙi ne, ko a sikeli ba zai nuna ba. Ɗantsoho kuwa bai ga sauƙinsa ba. Tausayinta ya kama shi. Ya ce, "Na karɓa, Adda." Ta saki ƙofar.

A Gumel suka tsaya shan mai, Ɗantsoho ya sa aka buɗe masa ƙofa ya sha iska. Mai zuba man gajere ne, amma duk da haka sai da Ɗantsoho ya dubi girarsa. Daga nan har Kano a kishingiɗe yake, ba ya ganin komai sai saman itatuwa.

A filin jirgi akwatin ya tashi kilo goma sha tara. Ma'aikacin ya dubi akwatin, ya dubi mai shi, ya dubi siririn wuyan da ke fitowa daga wannan ƙaton jiki, ya duba littafinsa bai ga dokar da ta hana ƙiba ba, ya buga hatimi. Attajirai da Turawan ayarin suka gaisa da shi cikin fara'a, sannan kowa ya ja baya taku uku.

Aka fito da su fili. Rufa'i ya nuna gaba ya ce ga abin al'ajabi na farko, jirgin da ya fi kasuwar hatsin Maigatari tsawo. Ɗantsoho ya ɗaga kai zai duba, sai ga 'yan dako takwas sun gifta da amalanken akwatuna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, girar hagu, girar hagu, kafin ya gama da na takwas ya ji ƙafarsa a kan matakala, ana tura shi ciki.

Aka ɗaga hannun kujera aka ba shi guri biyu, kuma a bakin taga, tunda shi ne gwanin gasa. Jirgi ya yi ruri, ya ruga, ya rabu da ƙasa. Rufa'i ya taɓa shi.

"Malam Ɗantsoho, duba ƙasa maza. Ga Kano duka, ga ganuwa, ga Dala ta zama kamar tulin gyaɗa. Yanzu gajimare zai rufe."

Ɗantsoho ya ce to, ga shi nan. Amma wuyansa yana miƙe ta wajen hanyar tsakiyar jirgin. Kujera huɗu a gabansa akwai wani dogon baƙin mutum da ma'aikaciyar jirgi ke yi wa magana, ya ɗan karkata kai yana sauraro, kuma gefen damansa kawai ake gani. Ɗantsoho yana jira ya juyo.