Wayar Barmo

Rabo injiniya ne, amma ba na gini ba, ba kuma na mota ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi tsakanin Yamai da Dakar yana sana'a guda: koya wa kwamfuta ta kwaikwayi wata na'urar. A cikin kwamfutarsa guda ɗaya yakan tayar da wayoyin ƙarya har ashirin, kowacce da fuskarta da lambarta, suna aika wa juna saƙo. A kansu ake gwada manhaja kafin a saka ta a wayoyin mutane. Mahaifiyarsa a Tibiri ta daɗe da haƙura da gane abin. In an tambaye ta sai ta ce wasan 'yar tsana yake, kuma ana biyansa.

Aikin rigakafin dabbobi ne ya dawo da shi gida bana. Ana son manhajar da makiyayi zai sanar da likitan dabbobi inda garkensa yake da yawan shanun. Abokan aikinsa lamba suke sa wa wayoyin gwaji, ɗaya, biyu, uku. Rabo kuwa, don kewar gida, sunayen mutanensa yake sa musu, ya kuma cika saƙonnin da ƙauyukan da ya sani. Wadda ta fi kowacce aika saƙo ita ya raɗa wa Barmo, amininsa tun lakol, wanda ya bar karatu ya bi shanun ubansa a rugar Tudun Faru. Ƙauna ce ta sa shi, ba shakka, sai dai yawan ilimi bai taɓa hana mutum wauta ba.

Ranar kasuwar Gidan Rumji, da hantsi, ya hau kabu-kabu daga Cadakori da kwamfutarsa a jaka. A wata mararraba suka iske an gindaya kututture, 'yan banga tara suna tsaye da adduna da bindigogin gargajiya. Shugabansu Rabilu ne, wanda ɓarayin shanu daga kudu suka harbe ƙanensa kwana goma sha biyu da suka wuce. Idonsa jawur, ya yi kwanaki yana neman wanda ke tsegunta wa ɓarayin.

"Mi ne na cikin jikkar ga? Buɗe," in ji Rabilu.

Rabo ya buɗe da murmushinsa na mutanen buro, masu zaman ofis. Fuskar kwamfutar ta haska, ga wayoyi jere. Wani mai ɗan karatu a cikinsu ya sunkuya ya karanta da ƙarfi: "Barmo. Shanu talatin da bakwai suna gabas da Cadakori, za su kwana bakin fadama."

Marin farko Rabo bai ga zuwansa ba, ƙasa kawai ya ji a bakinsa. Aka ɗago shi da wuyan riga, aka sake kai masa gindin bindiga a haƙarƙari har wani abu ya ce ƙas. Mai kabu-kabu ya yar da babur ya shige gonar gero.

"Malam, ku saurare ni," Rabo ya ce yana tofar da jini. "Wayar nan ba ta wanzu. Ni na ƙera ta, ni na rubuta saƙon. Barmo ko waya bai taɓa riƙewa ba."

"Ba ta wanzu, ga ta muna gani? Mu za ka maishe mahaukata, ɗan boko?"

Nan Rabo ya yi abin da ya saba yi a gaban duk wanda bai yarda da aikinsa ba, wato ya nuna. Shekara da shekaru da haka yake rufe bakin manyan injiniyoyi. Ya roƙi a saki hannunsa, ya tayar da sabuwar waya, ya tambayi shugaban sunansa. Cikin minti ɗaya ga ta a jere da sauran, ɗauke da sunan Rabilu, ta kuma aika saƙonta na gwaji: shanu hamsin suna yamma da Tibiri.

Mai karatun ya karanta, sannan ya ɗago ya dubi shugabansa. Sauran ma suka dube shi. Kallon bai wuce ƙiftawar ido ba, amma Rabilu ya gan shi, kuma ya san yadda ake ƙarewa da wanda aka yi wa irinsa a ƙasar nan.

Ya ɗaga adda ya sara kwamfutar ta rabu biyu, ya bi ta da sara har ta zama tarkace. Sannan ya take hannun Rabo na dama a kan kututturen, ya sauke masa bayan addar sau uku. Rabo ya ji ƙasusuwan yatsunsa suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Ihun da ya yi ba na zafin kaɗai ba ne. Abin da zai wanke Barmo ne ke warwatse a cikin rairayi.

"Maƙiri, so yake shi gama mu faɗa," in ji Rabilu yana haki. "Ku ɗamre shi. Mu tahi Tudun Faru."

Suka ɗaure shi a jikin aduwa, babura biyar suka tashi. Ya yi ta kiran sunan Barmo har muryarsa ta dushe. Sai bayan azahar motar jandarma ta biyo hanyar, aka kwance shi. Suka ce asibiti, ya ce a kai shi rugar ko a bar shi ya tafi da rarrafe.

Sun iske bukkoki biyu suna hayaƙi. Barmo na kwance bakin garke an rufa masa zane, ƙafafunsa a waje, takalmi ɗaya babu. Wani dattijo ya ce an sare shi yana tambayar wace waya ake nufi. Rabo ya durƙusa bai iya ɗaga zanen ba. Ya yi fatan da shi aka sare.

Mero, matar Barmo, ta fito da ƙwaryar ruwa. Da ta ga hannunsa sai ta manta da nata kukan, ta zauna tana wanke masa jinin da tsumma a hankali.

"Kai ma sun taɓa ka saboda shi, Malam Rabo. Allah shi saka maka, ka riƙe amana." Ta matse tsumman. "Maigidan ga bai da abokin faɗa ko ɗaya. Kai da ka san mutane, don Allah ka bincika mini. Wa ya ba su sunanai?"

Rabo ya janye hannunsa daga cikin nata.

"Ni ne, Mero," ya ce.