Rairayin Al Warsan

Edwin zai tafi hutu Jos, ya bar wa Sabo, abokin ɗakinsa a Al Warsan, unguwar da suke zaman ci-rani a ƙasar waje, 'ya'yan tsaka biyu da yake kiwo a akwatin gilashi.

"Tishu kawai za ka shimfiɗa musu, khalas, shi ke nan," in ji Edwin.

Sabo ya ga rowa ce. A garinsu rairayi ake zuba wa baƙon kirki a zaure. Ya ɗebo mai laushi, ya tankaɗe, ya baza musu.

Ƙaramar ta cafki gyare, ta haɗiye har da rairayi. Cikinta ya kumbura, ta daina ci.

Yau ko motsi ba ta yi. Babbar kuma tana lasar rairayin a hankali, idonta ƙur a kan Sabo.