Sa Hannun Mai Sito

Ta danna katifar da babban yatsa, robar da aka lulluɓe ta da ita ta dare. Ta matsa ta danna ta biyu, ita ma haka. Ta ukun ba ta ma jira an taɓa ta ba, a tsage take tun daga kai har ƙafa. Katifu ɗari da ashirin ne jibge a cikin siton, waɗanda asibitin ya yi oda domin gadajen majinyata, kuma babu ko ɗaya da za a kwantar da mai ciwo a kai a goge da safe. Samfurin da ɗan kwangila ya kawo tun farko mai kaurin roba ne. Waɗannan kuwa ledar burodi ta fi su ƙwari.

Ta tsaya tana jiran ranta ya ɓaci, bai ɓaci ba. Kwananta uku ke nan da dawowa aiki bayan rasuwar mahaifiyarta, kuma tun ranar babu abin da ke shiga jikinta. Tana cin abinci, tana amsa ta'aziyya, tana buɗe fayil ta rufe, duk kamar aiken wani take yi.

Ita ce jami'ar sayen kaya ta asibitin. A bayan idonta Sashe-nawa ake ce mata, domin ko tsintsiya ka kawo sai ta tambaye ka a wane sashe na yarjejeniya aka rubuta irinta. 'Yan kwangila sun fi son su gamu da Manaja sau goma a kan su gamu da ita sau ɗaya. Shekara tara tana wannan aiki, ba a taɓa shigo da ruɓaɓɓen kaya ta hannunta ba, sai wannan karon da ta yi mako uku ba ta nan.

Baba Mai Sito yana zaune a teburinsa bakin ƙofa, ya zuba makullai a gabansa yana jera su, babba bayan babba. Shekararsa talatin da ɗaya a wannan ɗaki, saura wata biyar ya yi ritaya. A takardar karɓar kaya akwai gurbi biyu, ɗaya na "an sauke, ba a duba ba", ɗaya na "an duba, an amince". A na biyun ya sa hannu. Da aka kwance katifun aka ga abin da ke ciki, asibiti ya rubuta wa ɗan kwangila ya zo ya kwashe kayansa, shi kuma ya aiko da hoton wannan sa hannun kawai, ko gaisuwa babu. Yau da ƙarfe biyu kwamitin ladabtarwa zai zauna, kuma har masu shara sun san korar tsohon za a yi, ya tafi gida ba haƙƙin sallama.

Abin da ya kawo ta siton ba katifu ba ne. Da safe ta duba wayarta ta ga kiransa a ranar da kayan suka iso, ƙarfe huɗu da minti goma, an yi magana ta daƙiƙa hamsin da biyu. Ta yi juyin duniya ta tuna abin da ta ce masa, ta kasa. A wannan lokacin tana hawa na biyu na wannan asibitin, a bakin ɗakin da aka kwantar da Inna, mahaifiyarta.

"Baba, ka kira ni ranar."

"Na kira."

"Ni na ce ka sa hannu?"

Ya ɗauki wani ƙaramin makulli ya canja masa wuri. "Ba ki ce ba."

"To me na ce?"

Ya ajiye makullin. "Cewa kika yi, 'Baba, sun ce in fita waje, suna danna mata ƙirji.' Shi ke nan. Kika bar wayar a buɗe, ni na kashe."

Sauran ya faɗa mata a taƙaice, idonsa a kan makullan. Direban motar ya kafe ba zai sauke ba sai an sa masa hannu a gurbin amincewa, haka maigidansa ya ce. Da aka gaya masa mai dubawar tana sama wajen mahaifiyarta, ya ce ai hawa biyu ne kawai, a nuna masa hanya ya je da kansa. Har ya kama matakala. Shi ne tsohon ya kira shi ya karɓi biro.

"Na ce yau dai ba mai ƙara taɓa yarinyar nan," in ji shi. "Ke je ki yi aikinki. Ni na gama nawa."

Ta saurare shi kamar labarin wata mata ake ba ta. Ta san ya kamata wani abu ya motsa a ƙirjinta, ta ma ɗan jira shi. Da bai zo ba ta ce to, ta fita.

Manaja ya kira ta kafin azahar. Ya sake yi mata ta'aziyya, karo na uku, ya tambayi yara da ƙannenta, ya ce ya san yanzu ita ce uwa ita ce uba a gidan. Daga nan ya shiga maganar da ta sa ya kira ta. Masu asibitin suna son a nuna musu mutum ɗaya, kuma Allah ya taimake ta sunanta bai fito a ko'ina ba. Takarda ɗaya ce, hannu ɗaya ne a kai. Ita dai ta zo ta zauna a matsayin mai ba da shawara, in an tambaye ta ta ce tana hutu. Mutumin kirki ne Manaja, irin kirkin da ba ya so ya kai shi ga ciwon kai.

Ta koma ofis ta jawo fayil ɗin, ko da yake ba ta bukatar buɗe shi, ita ta rubuta yarjejeniyar. Sashe na huɗu ya ce babu amincewa da kaya sai da sa hannun jami'ar saye, ko wanda ta wakilta a rubuce. Ita ta cusa wannan sashen shekarun baya, saboda ta gaji da yadda direbobi ke tsare ma'aikatan sito a bakin mota. Sashe na tara kuma ya ce in kwana goma na aiki suka wuce asibiti bai rubuta ƙin karɓa ba, to kaya sun karɓu. Ba ta wakilta kowa ba. Ranar da aka kawo Inna ta ɗauki jakarta ta kulle ofis, makullin yana cikin jakar har ta dawo. Lauyan asibitin ko dai bai wuce shafin farko ba, ko kuwa ya wuce ya ga shiru ya fi masa sauƙi.

Ta zauna da fayil ɗin a cinya har agogo ya kai biyu saura. Ta tuna kuɗin makarantar yara, ta tuna ƙaramin ƙanenta da bai gama karatu ba. Ta jera su a ranta ɗaya bayan ɗaya, ta ga duk gaskiya ne, ba ta ji tsoro ba kuma ba ta ji ƙarfin hali ba. Ta sha ruwa ta tashi.

Mutum biyar ne a ɗakin taro. An ajiye wa Baba Mai Sito kujera shi kaɗai a ƙarshen tebur, ya sa rigar da yake zuwa biki da ita. Lauya ya karanta tuhuma, ya ɗaga takardar kowa ya gani, ya tambayi tsohon ko hannunsa ne. Ya ce nasa ne. Ko wani ya sa shi? Ya ce babu. Manaja ya fara tattara takardunsa, sannan don cika ƙa'ida ya juyo ya tambaye ta ko tana da abin cewa.

Ta buɗe shafi na uku ta karanta sashe na huɗu, ta juya ta karanta na tara, da muryar da take karanta farashin safar hannu.

"Wannan sa hannun bai ɗaure asibiti da komai ba," ta ce. "Ko da bai sa ba, ko da sau goma ya sa, duk ɗaya ne. Abin da ya ɗaure mu shi ne kwana goman da suka wuce ba wasiƙa. Wasiƙar ni ke rubuta ta, kuma ban bar wa kowa ba."

Lauya ya jawo kwafinsa ya hau bin layi da yatsa, kai ka ce yau ya fara ganin sa. Manaja ya cire tabarau ya murza ido.

"Kin san abin da kike jawo wa kanki?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni na rubuta."

Ba a daɗe ba. Aka ce tsohon ya koma bakin aikinsa da gargaɗin baki. Ita kuma ta miƙa makullin ofis, ta zauna a gida har sai masu asibitin sun yanke abin da za su yi da ita. Sakatariya ta rubuta, kowa ya miƙe yana kauce wa idon kowa.

A baranda ya cim mata. Ta zaci godiya zai yi, ta fara shirya abin da ake cewa. Sai ta ga fuskarsa a ɗaure.

"Wa ya aike ki? Ni na riga na gaya wa iyalina, sun haƙura. Ke da yara ƙanana." Ya matso kusa. "Kuma a gaban mutane ki ce hannuna bai ɗaure komai ba. Abu ɗaya na taɓa yi miki, shi ma kin ce a banza ne."

"Ba haka takarda ta ce ba, Baba. Cewa ta yi bai ɗaure asibiti ba."

"To wa ya ɗaure?"

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai kuka ya ƙwace mata, na farko tun rasuwar Inna. Ta zauna a kan bencin masu jiran likita, jakarta a ƙirji. Tsohon ya duba hagu ya duba dama, ga mutane suna tahowa daga ɗakin taro. Ya gyara babbar rigarsa ya tsaya a gabanta, ya ba ta baya, ya tare ta har suka wuce.