Tsatsar Motar Baba Haladu

"Ɗauke abarka," in ji Baba Haladu, ya ture 'yar motar da bayan hannu. "Wannan ko tashar Ojoo ba ta taɓa zuwa ba."

Manniru ya cafe ta kafin ta kai ƙasa. Kai, abin ya yi masa ciwo! Shi fa mai fentin mota ne a unguwar Mokola ta Ibadan, wanda ake kawo wa akwala ya mayar da ita amarya, a gida kuma yana haɗa ƙananan motoci na gwangwani da roba don sha'awa. Wannan 'yar gingimarin, da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, sai da ya goge ta har yana ganin fuskarsa a shuɗin fentinta.

Inno, matar Baba, ta biyo shi baranda. Ita ce ta roƙi aikin. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar goro daga Ibadan zuwa Sakkwato, kuma tun da ciwo ya kwantar da shi hankalinsa ya bar ɗakin ya koma kan hanya. Kullum yana yunƙurin tashi ya nemo motarsa. Ita kuwa Inno, da suka tsufa tare, ya ɗauke ta mai abincin tashar Jebba.

"Manniru, ɗana, Babanka tafiya zai yi, na gani," ta ce a hankali. "Ba na son ya tafi yana ce mini mai abinci. Sau ɗaya dai ya kira sunana."

"To Inno, me na yi ba daidai ba?"

"Kyau ka yi mata. Motarsa ba ta da kyau."

Ta zauna kan turmi ta lumshe ido, ta shiga zayyana masa ita. Ruwan da ake yayyafa wa huhunan goro ya riƙa tsiyaya ta gefen bodi har ya bar jajayen layuka. Matakalar direba ta cinye, don a kanta yake zama ya yi alwala. Ƙarƙashin tagarsa akwai jan tofin goro da iska ta kwantar baya. Ƙofar fasinja kuwa, mariƙinta ya karye ran da ya ɗauko ta amarya daga Jega, aka ɗaure da waya, ba a kuma taɓa gyarawa ba.

Haka mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɓoye tsatsa ya koma ƙirƙirarta. Ya kankare shuɗin nan da yake taƙama da shi, ya shafa fenti ruwan ƙasa, ya jiƙa shi, ya leƙa madafi neman gishiri.

"Gishirin miyata za ka zuba wa mota, abi?" in ji matarsa Sakinat. "Oya, ga barkono ma."

Ya barbaɗa gishirin ya fesa shuɗi a kai. Da ya bushe ya goge da tsohon buroshin haƙori, gishirin ya zube, sai ga fenti ya ɓanɓare gurbi-gurbi kamar na gaske. Ya hau tsani ya kankaro tsatsar kwanon rufin gidansu, ya dama da ɗan mai, ya ɗiga ta a gefen bodi ya bar ta ta gangara da kanta. Ya murza bakin fensir a kan matakalar har ta yi ƙyallin ƙarfen da ƙafa ta cinye. Yana yi yana jin kamar ƙamshin ɗanyen goro na tashi daga teburin, kamar wani wuri can nesa injin yana nishi a kan tudu.

Yana cikin ɗaura 'yar wayar ƙofa bayan la'asar Sakinat ta shigo da sauri. "Inno ta ce ka zo yanzu."

"Fentin bai bushe ba."

"Ka zo haka nan."

Ana yayyafi a kan rufin gidajen unguwarsu ta Sabo. Baba na kwance, numfashi sama-sama. Manniru ya durƙusa ya sa masa motar a kan ƙirji. Yatsun tsohon suka bi ta a hankali, suka tsaya a matakala, suka shafa kaushin bodi.

"A'a, ke ce?" ya ce wa motar, da ɗan murmushi. "Ina kika shiga?"

Sai ya tayar da ita a ransa, ya kama hanya. Leɓensa na motsi, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, yana jan kowane gari kamar mai gyangyaɗi. Inno na zaune a gefensa na dama, ta cije bakin mayafinta. Can babban yatsansa ya zagayo ɗaya ɓangaren, ya ci karo da wayar. Yatsan ya tsaya a kanta. Ya juyo da kai ya dubi Inno sosai.

"Saude, kar ki ja. Ba ta buɗuwa ta waje. Bari in buɗe miki."

"To, Malam," ta ce, hawaye na zuba. "Ina jira."

Ta laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa. Kafin a kira magariba ya cika.

Washegari, bayan an dawo daga maƙabarta, Manniru ya shiga yi wa Inno gaisuwa. Mata sun cika ɗakin, motar na kan taga. Ya ɗauke ta zai gyara inda fentin ya dame.

"Bar ta," in ji Inno.

Ya duba da kyau. A jikin ƙofar fasinja, dab da 'yar wayar, sawun babban yatsan Baba ya bushe cikin jan fentin tsatsar.